Shekarar da Na Ɗaga Katanga

Sadiya, ke kika tono wannan maganar. Ranar da kika kira ni kina neman shawara, wai an yi wa mijinki tayin aiki a Abuja, ko ku bar Legas ko ku yi zamanku, na ce ki ba ni kwana biyu. Kin ɗauka istihara zan yi. Na yi ta, amma ba ita ta tsayar da ni ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne an taɓa sa ni in auna gari da gari, na auna da ƙarfin gwiwa, kuma awon nan nawa ne ya sa mahaifiyarku take jan ƙafar hagu har yau. Ku huɗun nan kun taso kuna jin labarin daga bakina, yadda na gyara shi. Yau zan faɗe shi yadda ya faru. Wanda zai yi fushi da ni ya yi, na riga shi.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a Agege, a gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, famfo ɗaya, banɗaki biyu, ga gida cike da mutane. Idan na yi tari a ɗakina, matar ɗakin gaba ce take fara ce mini sannu kafin Ummanku ta buɗe baki. Ba a dafa abinci a ɓoye, ba a yin faɗa a ɓoye. Ni kuwa na tsani wannan zaman kamar me. Ina fita da asuba, in ƙare rabin ƙarfina a cikin gosulo, in dawo in tarar da rediyo uku suna ihu da yare uku. Saboda haka ranar da aka mai da ni aiki Abuja, muka sami gida namu mu kaɗai a Kubwa, da get ɗinsa da ɗan filinsa, sai na tsaya a tsakar gidan na kasa kunne. Ban ji komai ba sai wani tsuntsu. Na ce wa Ummanku mun iso. Ita ma ta kasa kunne, ta ce, "To, Allah ya sa alheri." Ban kula da yadda ta faɗe shi ba.

A ofis an ɗora ni a kan wani tebur da duk takardar ƙarin girma sai ta bi ta kansa. Ba babbar kujera ba ce, amma kowa yana buƙatar wanda ke kanta. A nan na koyi karatun da ya lalata ni. Mutum zai gaishe ka ranar Litinin, ya tambayi yara ranar Talata, ya kawo maka ƙosai ranar Laraba, ranar Alhamis sai ka ji lambar fayil ɗinsa. Ban taɓa kuskure ba. Tun ina dariyar abin har na daina, na koma duk wanda ya yi mini murmushi sai in fara lissafin ranar da zai faɗi abin da ya kawo shi. Da ma ni ba mutum ne mai saurin yarda ba, Abuja sai ta zo ta ce mini ina da gaskiya.

Baba Tukur, wanda kuka daina gaisarwa saboda ni, teburinsa yana kusa da nawa, matakinmu ɗaya. Ɗan Zariya ne, ya bar iyalinsa can, yana zaune a ɗaki ɗaya a Kubwa, duk Juma'a bayan masallaci yakan kama hanyar gida kamar yadda rabin garin yake yi. Ba shi da mota, saboda haka a tawa muke tafiya. Muna idar da sallar asuba muke fita don mu riga cunkoso, duk da haka sau da yawa yakan kama mu. A cikin wannan cunkoson ne ya tsiro da wata hira da ba ta ƙarewa, ta kwatanta garuruwa.

"Malam Garba, tsakaninka da Allah, me ya raba nan da Legas? Can ma asuba kake fita, nan ma asuba."

"Nan idan na koma gida ina jin numfashina."

"Ai shi ne abin tsoron. Legas tana gajiyar da kai kana sane. Kano tana cika maka kunne kana sane. Nan kuwa sai ka ga titi fes, ga fitilu, ga itatuwa, ka ɗauka hutawa kake yi."

"To me ya hana ka komawa Zariya?"

"Ni ai ban zo ba, oga. Jikina kawai na turo. Kai ne ka kwaso kowa da kowa."

Na ɗauki maganar a matsayin surutun hanya. Sai da ya maimaita ta sau biyar, sau shida, kullum kuma sai ta ƙare a kan Kano, garinmu, sannan na fara tambayar kaina me mutumin nan yake so. Ranar Alhamis ɗinsa nake jira.

A shekararmu ta huɗu a Abuja aka yi sata a layinmu, gida biyu a wata ɗaya, duk da rana tsaka, lokacin da kowa yake wurin aiki. Ku sani, daga ƙarfe bakwai na safe zuwa la'asar, layin nan babu kowa. Maza sun tafi, mata sun tafi, yara suna makaranta. Ummanku ce kaɗai macen da ba ta fita aiki a gidaje goma sha. Ranar wata Laraba zazzaɓi ya maido ni gida da hantsi. Ina tura get na ji a buɗe yake, wannan ya fara ɓata mini rai. Ina shiga na ji abin da na daɗe ban ji ba, wato Ummanku tana dariya har da tari. A ƙofar kicin na same ta zaune a tabarma ita da wata tsohuwa 'yar ƙasa, Bagwariya, suna shan kunu a kofi iri ɗaya. Ga wani babban kwano na doya a gefe, irin wanda matansu suke ɗauka a kafaɗa.

"Malam, wannan ce Mama Ladi da nake ba ka labari. Mai doya."

Ban tuna ta taɓa ba ni labarinta ba. Wataƙila ta ba ni ina kallon labarai. Tsohuwar ta rusuna.

"Sannu, oga. Madam ya ce kana da kirki."

"Kullum kike zuwa?"

"Kullum. Nan ne ina fara sauke kaya. In sha ruwa, in huta, sai in shiga gari."

"Duk gidajen layin nan kin san su ke nan. Kin san wanda yake nan da wanda ba ya nan."

"Na sani mana. Wurin nan gonan babana ne kafin a yi gida."

Ita da zuciya ɗaya ta faɗa. Ni kuwa sai na ji kamar ta amsa laifi. Mace ta san lokacin fitar kowa, ta san cikin gidana har kicin, kuma tana ganin filin ma nasu ne. Me ya rage? Bayan ta tafi na ce wa Ummanku kada in sake ganin ta a cikin gidan nan. Ta ce matar ba ta taɓa ɗaukar ko cokali ba. Na ce ai mai leƙen asiri ba ta ɗaukar cokali. A satin na kira magina suka ƙara bulo uku a kan katanga, aka jera fasassun kwalabe, aka ja waya mai ƙaya. Na sa aka yi wa get sakata biyu ta ciki da wani ƙaton kwaɗo, na kafa doka: da yara sun fita, a rufe, ba a buɗe wa kowa sai sun dawo. Da aka gama na tsaya ina kallon aikin ina jin daɗi. Ummanku ta ɗaga kai ta dubi katangar ta ce yanzu ko kan masu wucewa ba ta gani.

Ba a yi wata biyu ba Alhamis ɗin Tukur ta zo. Muna tsaye cik a hanya, ya gyara murya ya ce akwai wani a ofishinmu na Kano, matakinmu ɗaya, yana neman wanda za su yi musayar wurin aiki. A aikin gwamnati ana yin haka: idan mutum biyu suka yarda, suka sa hannu, shugabanni ba su cika hanawa ba. Shi ya zo Abuja, ni in tafi Kano.

"Teburina fa? Baƙo za a ba?"

"Wannan kuma sai yadda darakta ya gani."

"Darakta zai duba ya ga wa ya fi sanin aikin. Wa ke zaune kusa da ni shekara huɗu?"

"Haba, Malam Garba."

"A'a, amsa mini."

"Ni dai don Hajiya na faɗa. Mutum mai hawan jini bai kamata ya yini shi kaɗai ba."

Na juyo na dube shi. Wace Hajiya? Wane hawan jini? Matata ce, a gidana take kwana, ban san tana da hawan jini ba, sai ga wani ƙato a cikin motata yana sanar da ni. Ya ce matarsa ce ta gaya masa, suna waya da Ummanku. Nan take na haɗa komai. Ya kasa shawo kaina a mota, ya zagaya ta bayan gida, ya sa matarsa tana hure wa tawa kunne da daɗin Kano. Washegari na wuce shi a bakin masallaci yana ɗago mini hannu.

Da na koma gida ranar da muka yi maganar na tsare Ummanku. Ta ce gaskiya ne, ta je kemis an gwada ta, an ce ya hau, tana shan magani.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na ga kana dawowa a gajiye."

"Amma matar Tukur ba ta gajiya. Kin san me suke nema? Kujerata suke nema, ke ce tsanin."

"Malam, ni ban san kujera ba. Na ce maka gidan nan ya yi mini shiru. Na faɗa maka da azumi, na faɗa maka da muka dawo bikin Kano."

"Shirun ai shi muka zo nema! Kin manta Agege? Kin manta layin famfo? Nan kina da ruwa, kina da wuta, kina da ɗaki har da na ajiye kaya. Matan Kano nawa ne za su so su samu rabin wannan?"

Ta ci gaba da tsince shinkafa. Daga baya, ba tare da ta ɗago ba, ta ce a Agege ba ta taɓa yin magana da tukunya ba. Na ɗauka baƙar magana ce, na tashi na bar mata wurin. Ku da kuka san ta kun san ba ta iya baƙar magana ba. Iyakar ƙarfin muryarta ke nan, kuma ta yi amfani da shi duka.

Abin da ban sani ba shi ne Mama Ladi ba ta daina zuwa ba. Shiga ce ta daina. Da, gidanmu take fara sauka, wajen ƙarfe takwas da rabi. Da na hana, sai ta juya hanyarta, ta mai da layinmu na ƙarshe, idan ta gama talla za ta koma ƙauyensu, wajen sha biyu. Takan tsaya a jikin katanga ta ɗaga murya ta ce, "Madam, kana lafiya?" Ummanku ta amsa daga ciki, su yi 'yar hira ta saman kwalabe, ta wuce. Dokata ba ta hana magana ta kan katanga ba, saboda ban yi tunaninta ba.

Ranar wata Talata, kun fita makaranta, Ummanku ta zura sakata biyun nan, ta danna kwaɗo kamar yadda na ce, ta juyo za ta koma ciki. A tsakar gida ta faɗi. Wayarta tana ɗaki. Bakinta ya karkace, kiran ma bai fita ba, kuma ko ya fita wa zai ji? Tana nan kwance rana ta taso ta same ta. Sha biyu ta yi, Mama Ladi ta zo ta kira, shiru. Ta sake kira, shiru. Ta buga get. Ta kwanta a ƙasa ta leƙa ta ƙarƙashinsa, ta hango ƙafa. Ta bi layin nan gida gida tana bugawa, babu wanda ya buɗe don babu kowa. Sai ta ajiye kwanonta ta ruga bakin titi, tsohuwa da ita, ta jawo wani mai walda. Shi ma da farko ƙi ya yi, ya ce ba ya fasa gidan mutane a ɗaure shi. Ta riƙe masa riga ta ce idan ɗauri ne a ɗaure ta. Sakatun nan nawa masu kyau ne, na zaɓe su da kaina. Sun ɗauke shi fiye da rabin awa.

Daga asibiti aka kira ni da wayar Ummanku. Ban san yadda na tuƙa motar ba. Na tarar an shiga da ita, a bakin ƙofa kuma ga Mama Ladi zaune a ƙasa, ba takalmi, zaninta duk ƙasa. Wata ma'aikaciya ta nuna ta ta ce wannan ce ta kawo ta. Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Ummanku. Ban ce mata sannu ba. Ban ce na gode ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Kun fasa get ɗin, wa kuka bari a gidan?"

Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Oga, doyana ma yana can a ƙofarka. In ɓarawo ya zo, shi zai fara ɗauka."

Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta ta tafi. Da yamma da na je ɗauko ku, na ga kwanon a jikin get ɗin da aka yanke, doya uku a ciki, ba wanda ya taɓa. Kuma duk da haka, Allah ya gani, sai da na shiga ɗaki ɗaki na duba ko wani abu ya ɓata.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma a irin wannan ciwon awannin farko su ne komai. Ya tambaye ni ƙarfe nawa ta faɗi. Na ce wajen takwas. Ya tambayi ƙarfe nawa aka iso da ita, ya duba takarda. Ni na ƙarasa lissafin da kaina. Da ban hana tsohuwar nan shiga ba, da takwas da rabi ta tura get ta same ta.

Wata uku bayan nan na nemi Tukur da kaina na ce ya kira mutumin Kano. Na sa hannu. Mun kwashe kaya, kuna kuka za ku rabu da makarantarku, na ce muku Baba Tukur ne ya yi mini maƙarƙashiya ya raba ni da kujerata. Na faɗa a kan abinci, na faɗa a gaban baƙi, har kuka haddace. Ya fi mini sauƙi ku tsani wani. Daga baya, da bakinta ya saki, Ummanku ta gaya mini ita ce ta roƙi matarsa, ta ce a sa shi ya yi mini magana, ko zan ji ta bakin namiji ɗan'uwana tunda ban ji ta nata ba. Musayar ma ita ta ce a nemo. Duk da haka ba zan ɓoye muku ba: ba a yi sati uku da tafiyata ba aka ba Tukur teburin. Har yau idan na tuna wannan saurin wani abu yakan motsa a raina. Wataƙila ya so kujerar. Wataƙila ya so ta kuma ya faɗi gaskiya, duk a lokaci ɗaya. Ya rasu ban tambaye shi ba. Abin da na sani shi ne shi ya ga matata tana nutsewa daga Zariya, ni ban gani ba daga ɗaki ɗaya. Ku nemi 'ya'yansa ku gaishe su.

Mama Ladi kuwa ban sake ganin ta ba. Kwanonta ya yi sati a ƙofarmu, wata safiya na fito babu shi. Bayan shekara biyu na je Abuja bin takardun fansho, na ce bari in neme ta. Sai a lokacin na gane ban san sunan ƙauyensu ba, ban san sunan mijinta ba, ban san komai ba sai Ladi da doya. Na tambayi ranar zuwanta da lokacin fitarta kamar ɗan sanda, amma ban taɓa tambayar inda take kwana ba. Inda nake zaton ƙauyen yake, gidaje ne masu dogayen katangu irin tawa.

Kano ba aljanna ba ce, kada wani ya ruɗe ku. Ruwa sai mun saya, wuta sai ta ga dama, masu adaidaita sahu suna neman kashe ni kullum, ga 'yan'uwa da ba sa sallama sai sun riga sun zauna. Ni a jikina Abuja ta fi mini daɗi, har gobe. Amma a nan Ummanku ta koyi tafiya karo na biyu, a hannun matan layi, wannan ta riƙe nan, waccan ta yi mata tsiya wai ragwanci ne. A nan na sake jin dariyar nan mai tari.

Saboda haka, Sadiya, ban san wanda ya fi tsakanin Legas da Abuja ba, kuma duk wanda ya ce miki ya sani, ki tambaye shi wa ya bari a gida lokacin da yake awon. Mijinki zai lissafa miki awannin hanya da girman ɗakuna da kyan titi, kamar yadda na yi, kuma duk gaskiya ne. Ke ki tambaye shi abu ɗaya. Idan kika faɗi a tsakar gida ƙarfe takwas na safe, wa zai sani, kuma ƙarfe nawa? Idan ya kawo suna, ku tafi. Idan ya fara yi miki bayanin tsaron unguwar, ki ba shi wannan takardar ya karanta.

Ni dai halina bai canza ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ƙofar gidan nan a buɗe take yini, dokar Ummanku ce, ni kuma ina zaune a zaure ina ƙare wa duk mai shiga kallo. Jiya ma wata mai tallan gyaɗa ta zo, ban taɓa ganin ta ba, sai waige-waige take yi, ta ce wai Hajiya ce ta ce ta riƙa biyowa. Ban yarda da idonta ba ko kaɗan. Na janye ƙafata ta wuce.